Zama a ɓangaren da aka hana giya da hayaƙi a jami'o'in Amurka: yadda ake nema da yadda zaman yake

Jami'o'i da yawa a Amurka suna ware hawa ɗaya na bene, wani lokaci gini sukutum, ga ɗaliban da suka yarda ba za a shigo da giya, sigari, wiwi ko ƙwaya ba. A fom ɗin neman ɗaki za ka ga an rubuta "substance-free" ko "wellness". Dokar ƙasar ta riga ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, amma a sauran ɗakunan kwana dokar daban, abin da ke faruwa daren Juma'a daban. A wannan ɓangaren kuwa, ko ɗan shekara 25 ba ya ajiye kwalba.

Nema yana farawa da zarar ka karɓi gurbin karatu ka biya kafin alƙalami, wanda yawancin makarantu ke rufewa ranar 1 ga Mayu. Cike fom ɗin ɗaki a makon da aka buɗe shi, domin gadajen ba su da yawa. Kuma kai za ka cike, ba Baba ko yayanka ba. Babban abin da ke lalata irin wannan masauki shi ne ɗalibin da iyayensa suka zaɓa masa alhali ransa na wurin fati. Shi ne zai dawo ƙarfe biyun dare yana tangaɗi.

Za a ba ka yarjejeniya ka sa hannu. Karanta ta da kyau, don makarantu sun bambanta. Wata ta hana shigo da abin ne kawai, wata ta hana ka dawowa a buge ko da a waje ka sha. Laifin baƙonka a kanka yake. Shisha da sigarin lantarki galibi suna ciki. Wiwi haram ce a harabar makaranta ko da jihar ta halatta ta, saboda wata dokar tarayya ta 1989 da ta ɗaura tallafin gwamnati a kan hakan. Maganin da likita ya rubuta maka, in dai ba wiwi ba ce, ba laifi ba ne, ka bar shi a kwalinsa mai sunanka. Turaren wuta kuwa, dokar gobara ce ta hana shi kusan a kowane ɗakin kwana, kuma na'urar hayaƙi za ta tona maka asiri.

Abubuwa biyu da ake yawan ruɗewa a kai. Hana giya ba ya nufin an raba maza da mata. Wannan zaɓi ne daban a fom. Sannan akwai masaukin masu murmurewa daga shaye-shaye, irin wanda Jami'ar Rutgers ta buɗe a 1988, mai nasa masu ba da shawara da nasa sharuɗɗan.

Za ka ji ana cewa mazauna wurin ustazai ne, ko waɗanda ba su san komai ba sai littafi, ko masu kai ƙara. Gaskiyarsa jama'a ce gauraye: Musulmi, Kiristoci masu riƙo, 'yan wasa masu atisaye da asuba, wanda giya ta wargaza gidansu, da wanda kawai ba ya son taka amai a banɗaki. Wasunsu ma suna sha a waje. Kada ka tambayi kowa dalilinsa, kada kuma ka yi wa kowa wa'azi. In ka yi haka, nan take za ka tabbatar da zargin.

Shiru ba shi da tabbas, hira da wasan kati kan kai tsakar dare. Amma abota ba ta zuwa da kanta: a makonni biyun farko bar ƙofarka a buɗe da yamma, dafa shayi ka kira maƙwabta, ka shiga ƙungiya ɗaya ko biyu a waje, misali ta ɗalibai Musulmi, MSA, ko ta 'yan Afirka, don kada duniyarka ta tsaya a hawa ɗaya.

Idan abokin ɗakinka ya karya doka, yi masa magana ku biyu tukuna. In ya maimaita, je wurin ɗalibin da ke kula da hawan, wanda suke kira RA. Sauya ɗaki yakan jira makonnin farko na zango su wuce. Idan kuwa ka ga wani ya sha har ba ya farkawa, kwantar da shi ta gefe ka kira lambar agajin gaggawa, 911, nan take. Makarantu da yawa ba sa hukunta wanda ya nemi agaji.