Aikin ƴan kwana-kwana a Yamai: abin da mai son shiga zai tarar

A Nijar ɗan kwana-kwana soja ne. Saurayin da ke son aikin sai ya bi ta ƙofar ɗaukar soja: takardun haihuwa da na shaidar ɗan ƙasa, gwajin likita, gudu, sannan horon soja, kafin a koya masa kashe wuta da agajin gaggawa. In kana da asma, ko kana firgita a matsatsen wuri, faɗa wa likita tun farko. Ranar da ka shiga hayaƙi da abin rufe fuska, ba za ta ɓoyu ba.

Kira da yawa da ke shigowa lamba 18, lambar kiran ƴan kwana-kwana, ba na gobara ba ne. Hatsarin mota da babur, wanda ya nutse a kogi, yaron da ya faɗa rijiya, gidajen laka da suka zube da damina kamar lokacin ambaliyar 2020. Saboda haka riƙe jini, ɗaukar mai karaya ba tare da motsa wuyansa ba, da danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya sau 30 a hura masa numfashi sau 2, dole su zauna maka a hannu.

Abin da sabon shiga ya fi rainawa shi ne lissafin ruwa. Motar da ke ɗauke da lita 3000, in aka buɗe bakin tiyo mai fitar da lita 500 a minti, minti 6 ta ƙare. A unguwar da babu famfon gobara kusa, ko lungu ya hana mota shiga, waɗannan mintoci su ne dukiyarka. Shi ya sa ba a fesa wa hayaƙi ruwa, gindin wutar ake nema. Babban tiyo mai faɗin milimita 70 ke kawo ruwa daga mota, a raba shi zuwa tiyo mai milimita 45 da mutum zai iya riƙewa. Tiyon da aka shimfiɗa a karkace yana lanƙwashewa, ruwa ya yanke a hannun wanda ke gaban wuta.

Iska ma ƙidayayya ce. Tulun iskar shaƙa mai lita 6 da aka cika zuwa bar 300 (ma'aunin matsin iska) yana riƙe iska kusan lita 1800. A takarda ya kai minti 40, amma mai hawan bene da kaya cikin zafin watan Afrilu yakan shanye ta kafin haka. Duba agogon tulun kafin shiga. Da usur ɗinsa ya yi kuka, alamar iska ta kusa ƙarewa, fita kai da abokinka tare, domin mutum biyu ake shiga, biyu ake fita. Rijiya kuwa, ko da ana jin kukan yaro, ba a sauka sai da igiya da tulun iska, saboda iskar ƙasanta kan kashe mai ceto kafin ya kai ga wanda ya faɗa.

Ba kowace wuta ke son ruwa ba. Fetur yana tasowa bisa ruwa ya bi shi ya bazu, sai kumfa ko garin kashe wuta. Man girki a rufe shi da murfi. In wayar lantarki ce, a yanke lantarkin tukuna. Tukunyar gas da ke ci a baki, a sanyaya jikinta daga nesa a rufe makunnin, don in aka kashe harshen wutar gas na ci gaba da fita, ɗakin zai cika ya fashe.

Sai jama'a. A watan Mayu na 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Diori Hamani, mutane suka taru ɗibar fetur, ta fashe, fiye da mutum 50 suka rasu. Korar taro nesa da kashe injin babura aiki ne na farko a irin wannan wuri, ko da za a zage ka. A Afrilun 2021 kuma azuzuwan zana suka kama a unguwar Pays-Bas, yara kusan 20 suka mutu. Zana da bunu suna cinyewa kafin mota ta iso, don haka zagayen makarantu da kasuwanni irin Katako, ana duba hanyar fita da haɗin wayoyi, yana cikin aikin da za a ɗora maka.