Yadda ake aiki da mai tsara cikin gida idan kana gini a ƙauye kuma ba ka zama

Yawancin masu gini a garuruwanmu ba sa zaune a wurin ginin. Mutum yana kasuwa a Kwari ko yana aiki a Abuja, ginin yana can Ringim ko Gwarzo, sai ranar Asabar ya leƙo, ya zagaya da sauri, ya bar kuɗin siminti ya juya. A tsakanin nan birkila ne ke yanke shawarar inda ƙofa za ta zauna, mai wayarin ya dasa soket inda hannunsa ya kai. Haka ma wanda ke jera gidajen haya a kewayen Dutse ko Wudil saboda ma'aikatan jami'a, ga gini uku a lokaci guda, ga waya ba ta hutawa. Irin waɗannan mutane su suka fi kowa buƙatar mai tsara cikin gida, wanda wasu ke kira mai dekoreshon, duk da aikinsa ya wuce rataya labule.

Matakin farko shi ne lokacin da za ka kira shi, kuma a nan aka fi tafka kuskure. Ka kira shi kafin a yi filasta. In da hali ma tun zane yana kan takarda, in kuwa an riga an fara, to kada ya wuce lokacin da gini ya kai linta. Da zarar an shafe bango, duk gyaran da zai kawo sai da guduma da kurfi.

Na ga wannan da idona a gidan wani yayana. An gama komai, an yi fenti, motar kayan amarya ta iso daga Kano ana ta guɗa. Gado mai ƙafa shida da shida ya shiga, amma bango ɗaya ne kawai zai ɗauke shi, kuma soket biyun da ke ɗakin duk suna bayan allon gadon. Wadrob kuwa da aka jingina shi sai ya toshe rabin taga. Gwaggon amarya ta kalli yayan nawa ta ce, "Alhaji, shi wanda ya gina ɗakin nan a tsaye yake kwana?" Washegari aka dawo da mai wayarin ya fasa sabon bango, har yau tabon facin yana nan kamar ɗinkin tiyata.

Na biyu, zaɓen mutumin. Kada hoton Instagram ya ruɗe ka, da yawa ba aikinsu ba ne. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wanda aka shekara biyu ana zaune a ciki, ka duba ko tayil ya tashi, ko ƙofofin kabad sun karkace. Ka tambaye shi ko ya taɓa aiki a wajen birni, domin wanda ya saba da gidan da wuta ba ta yankewa zai cika maka silin da fitilu ashirin a garin da ake kwana uku ba a ga wuta ba. Idan mace ce mai tsarin, akwai ƙarin riba: za ta shiga cikin gida ta zauna da uwargida, ta ji abin da kai ba za a gaya maka ba.

Na uku shi ne zaman da za ku yi, kuma shi ne kaɗai wurin da dole ka ba da lokacinka sosai. Yini guda ya isa, amma ka kashe waya. Ka faɗa masa yadda gidan zai rayu: mata nawa, yara nawa, ko tsohuwa za ta dawo wurinka, ko kana yawan baƙi da za su tsaya a zaure ba tare da sun hango tsakar gida ba. Da gas za a yi girki ko da itace? A ƙauye sau da yawa duka biyun ne, don haka kicin na zamani a ciki ba ya hana a ware madafa a waje inda hayaƙi ba zai baƙanta silin ba. Ina za a ajiye buhunan gero da shinkafa bayan kaka? In ba a ware sito ba, ɗakin baƙi ne zai koma rumbu, da ɓerayensa. Maganar makewayi ma a nan ake gama ta, a daidaita shi yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, sannan a yi wurin alwala mai magudanar ruwa. In za ka sa sola, ko da sai baɗi, a ware wa batura da inbata wuri mai iska tun yanzu, a binne fayif ɗin wayarsu.

Daga nan sai ya ɗauki tef ya auna kowane ɗaki, ya zana inda gado, kujeru, fanka, makunni da soket za su zauna. Ka sa ya rubuta a jikin bulo da alli ko fenti, domin birkilanmu ya fi yarda da abin da ya gani a bango fiye da takarda. Iyakarsa kuma a san ta: in ya ce a rushe bango ko a faɗaɗa ƙofa a ginin da ke da dekin, sai injiniya ya duba ya amince.

Na huɗu, kayan aiki. A nan ne gwanintarsa ke bayyana, domin yanayinmu ba ya wasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙura mai shiga ko'ina, damina ta gwada rufi, gara kuma tana ƙasa tana jiran katako. Mai tsari na ƙwarai zai hana ka shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango, zai hana ka farin tayil mai santsi a tsakar gidan da yara ke gudu da jiƙaƙƙun ƙafafu, zai ce a ɗaga silin sama kuma a yi tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Silin na POP, wato na farar filasta, yana da kyau, amma ɗigon ruwa ɗaya daga kwano ya ishe shi ya yi tabo, saboda haka a tabbatar da rufi tukuna. Ni dai ina ganin mun yi saurin watsar da na gida. Zayyanar dagi a bakin zaure, da tabarmar kaba mai kyau, sun fi mini wannan fentin mai ƙyalli da ke ɓarewa bayan damina biyu.

Lissafi ma aikinsa ne. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan murabba'in mita 13. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44. Kwali 10 zai rufe ƙasan, a ƙara 1 saboda yanka da fashewa. A saya duka lokaci guda, domin in ka koma kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano bayan wata biyu, ko ka sami zanen, launin kan ɗan bambanta, ga kuɗin mota sau biyu. Mai gidajen haya a nan zai fi cin moriya: a zaɓi tayil iri ɗaya, fenti iri ɗaya, makullai iri ɗaya ga dukkan gidajen, a sayo a sari, in ɗan haya ya fasa wani abu akwai ragowa a sito.

Na biyar, kuɗi. A rubuta. Ko jinga ce a kan aikin gaba ɗaya, ko kaso ne daga kuɗin kaya, a faɗa tun farko a gaban shaidu. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar la'ada a wurin masu shago. Ba laifi ba ne in ka sani, abin da ba a so shi ne ya ci ta nan ya ci ta can. Ka biya kashi-kashi bisa aikin da aka gama, kowane kaya da rasit.

Sauran kuma bibiya ce daga nesa. Ka tara birkila, kafinta, mai wayarin da mai famfo rana ɗaya, ka ce musu a gabansa, "Malamai, duk abin da ya shafi cikin gidan nan, maganarsa maganata ce." In ba ka yi haka ba, tsohon magini ba zai saurari yaron da ya zo da kwamfuta ba. Sai ku tsayar da rana guda a mako, ko Juma'a da yamma, ya turo maka bidiyo ta WhatsApp ɗaki bayan ɗaki. Zuwanka da kanka sau biyu ne ba makawa: ranar da aka gama binne fayif kafin filasta, da ranar da za a shafa gwajin fenti. A shafa kala biyu ko uku a bango ɗaya, ka dube su da hantsi, ka sake dubawa bayan la'asar, sannan a sayo bokitan.