Yadda Ake Gano Matsala Idan Kwamfutar da Ka Haɗa Ta Kunnu Amma Allo Bai Nuna Komai Ba

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan ya danna maɓalli, fankoki suka fara juyawa, fitilu suka haska, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. A nan zuciya takan yi gaggawar yanke hukuncin cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ƙone, alhali juyawar fanka ba ta tabbatar da komai ba illa cewa wuta ta shiga akwatin. Kafin hoto ya fito, sai madabod, wato babban faifan da duk sassan ke jone a kansa, ya gwada furosesa da RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi) da katin hoto ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda bai amsa ba, a kansa aikin zai tsaya. Abin da ke gabanka shi ne gano inda ya tsaya, ta hanyar canza abu guda kacal a kowane gwaji.

Kafin ka sa hannu a ciki, ka kashe makunnin da ke bayan fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa sassan wuta, ka zare wayar daga soket, sannan ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 10 domin ragowar wuta ta fita. Ka kuma taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki wani sashe, musamman a lokacin hunturu, saboda bushewar iska tana tara wa jiki wutar da za ta iya lalata RAM ba tare da ka ji komai ba.

Mataki na farko shi ne wayar allo. Ka leƙa bayan akwatin: akwai kafar HDMI ko DisplayPort a sama, a jikin madabod, akwai kuma wasu a ƙasa, a jikin katin hoto. Idan ka saka katin hoto, to a jikinsa wayar za ta shiga. Wannan kuskure ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma yana da dalili, domin furosesoshi da dama ba sa iya fitar da hoto da kansu. Na kamfanin Intel da sunansu ya ƙare da harafin F, irin su Core i5-12400F, haka suke, haka ma Ryzen 5 3600 da Ryzen 5 5600 na AMD, saɓanin 5600G da ke iyawa. Da irin waɗanda ba sa iyawa, kafar madabod ba za ta taɓa ba ka hoto ba. Bayan haka ka tabbatar allon yana kan kafar da ka jona, ka kuma gwada wata wayar ko talabijin.

Idan kwamfutar tana aiki da RAM nau'in DDR5 ne, ka yi haƙuri ka ba ta mintuna kaɗan a kunnawar farko, domin madabod yana daidaita kansa da RAM ɗin, kuma allo a baƙinsa yake zama har ya gama.

Daga nan sai ka dubi madabod ɗin kansa. Yawancin na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto) da BOOT (ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga cikinta), kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda aka maƙale. Wanda babu fitilun a nasa, ya jona ƙaramar sifika a filolin da aka tanada, ya ƙirga ƙarar da za ta yi, ya duba ma'anarta a littafin madabod, tun da kowane kamfani da tsarinsa.

A ganina RAM ce ta fi cancantar ɓata wa lokaci, domin sau da yawa ana ganin kamar ta zauna, alhali gefe ɗaya bai shige ba. Ka buɗe makullan ramin, ka cire ta gaba ɗaya, ka daidaita tsagar da ke ƙasanta da tudun da ke cikin ramin, sannan ka danna gefe biyun da manyan yatsunka har sai ka ji ƙas, makullin ya rufe da kansa. Sabon madabod yana buƙatar ƙarfin dannawa fiye da yadda mai koyo yake tsammani, kuma tsoron karya abu ne ke sa mutane su bar ta a ɗofane. Idan ramuka huɗu ne kuma RAM ɗinka biyu ce, yawanci a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su, wato A2 da B2. In hoto bai zo ba, ka bar guda ɗaya a A2 ka kunna, sannan ka musanya ta da 'yar'uwarta. Ta haka za ka bambance lalatacciyar RAM da lalataccen rami.

Sai wayoyin wuta. Babbar mai fil 24 dole ta shige har maƙallinta ya kama. Akwai kuma mai fil 8 da ke ciyar da furosesa, wadda kafarta ke can kusurwar sama ta hagu inda ido ba ya saurin kaiwa, kuma idan aka manta da ita fankoki suna iya juyawa ba tare da furosesa ta tashi ba. Kada ka rikita ta da ta katin hoto: ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto kuwa 6 da 2. Ina kuma gargaɗinka da babbar murya kada ka ari wayar wani fawa saflai ka jona a naka, domin kafofin suna iya yin daidai alhali tsarin wutar ya sha bamban, kuma hakan yana ƙona kaya nan take. Shi ma katin hoto ka cire shi ka mayar a ramin sama har ya kulle. Idan furosesarka tana fitar da hoto, ka ajiye katin gefe ka jona waya a madabod, in hoto ya zo, ka san katin ne ko wutarsa.

Idan duk wannan bai yi ba, ka mayar da BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kan saitinsa na asali. Ka cire batirin CR2032 da ke jikin madabod, mai kama da kwandala, ka jira minti 5 bayan zare wuta, sannan ka mayar da shi. Haka kuma ka binciki shekarun madabod, domin wanda ya daɗe a shago yana iya zuwa da tsohon BIOS da bai san sabuwar furosesa ba, kamar yadda ya faru ga masu madabod B450 da suka saka furosesar Ryzen 5000, da masu madabod B660 da suka saka Intel zubi na 13. Idan madabod yana da maɓallin BIOS Flashback, za ka iya sabunta BIOS ɗin da filash da aka tsara a FAT32 ko da babu hoto, in kuwa babu maɓallin, sai ka nemi aron tsohuwar furosesa wurin mai gyara.

Gwajin ƙarshe shi ne fitar da madabod daga akwati, domin ginshiƙin noti guda da aka ɗaura ba a muhallinsa ba yana iya taɓa bayansa ya haɗa wuta. Ka ɗora shi a kan kwalinsa da furosesa da fankarta da RAM ɗaya da katin hoto kawai, ka jona fawa saflai, ka haɗa filoli biyun PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukundireba na ɗan lokaci domin ya tashi. In har yanzu shiru, ka ɗaga furosesa ka haska tocila a karkace, ka nemi fil da ya lanƙwashe. A soket nau'in AM4 filolin suna jikin furosesa, a nau'in AM5 da LGA1700 kuwa suna cikin soket ɗin madabod. Idan ka ga wanda ya kauce daga layi, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa shi, ka haɗa da rasit ɗinka ka kai wa wanda ya sayar maka ko ƙwararren mai gyara.