Yadda za ku tattauna amsar fiziks bayan kun fito daga WASSCE ba tare da kun tada wa juna hankali ba

Ƙannena 'yan SHS 3 masu sayans na Aboabo da Asawase da Tafo da sauran zangonnin Kumasi, da ku nake. Ban ce kar ku yi maganar pepa in kun fito ba, ai ba ma zai yiwu ba, tun daga bakin get ake fara "kai nawa ka samu a lamba 9?" Amma wallahi yadda ake yin ta ne ke sa yaro mai ƙoƙari ya koma gida jiki a mace alhali kemistiri ko ilektif mas na jiransa.

Da farko dai ku ci abinci. Tiyori awa 1 da rabi ne, objektif mai tambaya 50 kuma awa 1 da kwata, a zama ɗaya, wanda ya fito daga nan da yunwa komai aka faɗa mishi sai ya ji kamar ya faɗi. A samu waakye, a yi sallah, sannan a zauna, mutum uku ko huɗu sun isa, ba taron bakin titi ba inda mai babbar murya ke cin gardama.

In kun zauna, kar wanda ya fara da lambar ƙarshe da ya samu. Ka tambayi abokinka wace fomula ya ɗauko, me tambaya ta bayar, me ta nema. Dalili shi ne a tiyori ba amsar ƙarshe kaɗai ke da maki ba, fomula na da nata, saka lambobi daidai na da nashi, yunit ma haka, to mutum zai iya kuskure a layin ƙarshe kuma ya kwashi rabo mai kyau. Sau da yawa ma bambancin ba wani abu ba ne. A ce dutse ya faɗo daga mita 20, wanda ya ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa, a 10 zai samu gudun mita 20 a sakan, wanda ya saka 9.8 zai samu 19.8, sai ka ga ana ta rantse-rantse a kai, alhali abin dubawa kawai wane g aka rubuta a ƙasan tambayar. In ratar da yawa ce, ku duba abu biyu: an mayar da santimita zuwa mita kuwa, sannan kalkuleta tana digiri ko radiyan, don sin 30 a digiri 0.5 ne amma a radiyan wata lamba ce mai maines a gaba. Resista mai om 6 da mai om 3 kuma, a jere 9 ne, a faralel 2, nan zanen ne zai raba ku, ba ihu ba.

Objektif ba na son ku daɗe a kai. Ba wanda ke iya riƙe harafi 50 a kai bayan wannan gajiya, wanda ke ce maka "B ne wallahi" ƙila ya manta ma wace tambaya ce. In dole ne, ku faɗi amsar kanta, ku bar harafi.

Firaktikal ne na fi jin tausayinku a kai, saboda nan ne ake tsorata yara a banza. Kowa da kayan da aka ajiye mishi, agogon wani ba na wani ba, hannun da ya saki pendulum ma daban, to ta yaya lambobinku za su zo iri ɗaya? Abin da za ku tambayi juna shi ne, teburin yana da yunit a saman kowane layi, giraf ya cinye aƙalla rabin takarda, an sa wa aksis suna, tirayangul ɗin silof babba ne, an rubuta matakan kiyayewa a matsayin abin da ka riga ka yi. In pendulum ne kuma aka zana T sukwaya (T shi ne lokacin lilo ɗaya, zuwa da dawowa) da tsawon zare a mita, silof zai zo kusa da 4, wanda ya samu 3.9 da mai 4.1 duk suna kan hanya, kar wani ya hana wani barci.

Ku yanka lokaci, minti 30 ya isa, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Duk wurin da kuka kasa daidaitawa ku rubuta shi ku kai wa masta, ku bar guruf ɗin WhatsApp da ake zuba amsoshin da ba a san wa ya warware su ba, can ne ma masu tallan apo, wato tambayoyin jarrabawa na sata, ke farautar ku, kuma WAEC na soke sakamako a kan wannan.

Sannan dan Allah ku lura da wanda ya yi shiru a cikinku. In Hajara ta ce ba ta son jin komai, ku ƙyale ta, kar ku bi ta har trotro da "ke me kika rubuta?" Wanda kuma ya gano ya zubar da tambaya guda mai maki 15, ku zauna ku lissafa mishi abin da ya rage a sauran pepa biyun, ku tuna mishi C6 ma kiredit ne da jami'o'in KNUST da Legon ke karɓa, sai ku ciro pasko, wato tambayoyin shekarun baya, na darasi na gaba ku fara tare da shi tun kafin magariba.