Yadda za ku samo wa kulob ɗin unguwa mai ɗaukar nauyin jesi ba tare da kuɗin caca ba

Shekara tara ke nan littafin kulob ɗin unguwarmu yana hannuna a nan Kano. Ni ne sakatare, ni nake karɓar karo-karo, ni ake kira idan ƙwallo ta fashe. Shi ya sa ni aka fara nema ranar da wani mai shagon caca a bakin titinmu ya aiko cewa zai saya mana jesi seti biyu, da safa, da ƙwallo biyar. Sharaɗinsa ɗaya ne: a buga sunan kamfanin da yake wa wakilci a ƙirji. A lokacin jesinmu ta koɗe, lambobin baya duk sun ɓare, golanmu kuwa da wata rigar gwanjo ta Ƙofar Wambai yake tsaron raga. Mun ƙi karɓa, amma sai da muka yi mako biyu ana ka-ce-na-ce, har 'yan wasa biyu suka daina zuwa atisaye. Ga hanyar da muka bi bayan nan har muka sami riga, ko za ta yi wa wani kulob amfani.

Ku fara da rubuta abin da ba za ku karɓa ba, tun kafin kowa ya zo muku da tayi. Wannan shi ne kuskurenmu. Ranar da kuɗi yake ajiye a gabanku, gasa kuma saura kwana goma, ba ranar tsara ƙa'ida ba ce, don duk wanda ya ce a'a za a ɗauke shi maƙiyin kulob. Ku zauna lokacin da ba komai a ƙasa: koci, kyaftin, dattijon da yake uban kulob, da mutum biyu ko uku daga iyayen ƙananan 'yan wasa. Mu layi huɗu muka rubuta a bangon littafi: ba caca kowace iri, ba giya, ba taba ko shisha, ba masu ba da bashi da ruwa ta waya. Maganar hoton ɗan siyasa a riga mun bar ta daban, kowace kaka ake sake tattauna ta.

Gardamar da za ku fi sha ita ce: "Ai manyan kulob-kulob na Turai ma suna sawa." Gaskiya ne sun sa. Real Madrid ta yi shekara shida da sunan kamfanin caca na bwin a ƙirji, daga 2007 zuwa 2013, West Ham kuma ta yi shekara goma da na wani kamfanin cacar, Betway. Amma ku ƙarasa wa mai gardamar labarin. Italiya ta kafa dokar hana tallan caca a 2018. Sifaniya ta cire kamfanonin caca daga rigunan kulob-kulob ɗinta daga 2021. A watan Afrilun 2023 kulob-kulob ɗin Firimiyar Ingila da kansu suka amince za su daina sa tambarin caca a gaban riga daga ƙarshen kakar 2025/26, alhali takwas daga cikin ashirin ɗin suna cin kuɗin a lokacin. A can ma, ba a buga tambarin caca a rigunan da ake sayar wa yara ƙanana. Waɗannan mutane ba aya ce ta hana su ba, ɓarnar suka gani da idonsu. Mu kuwa ga aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta jera caca da giya wuri guda, ga kuma ɓarnar a ƙofar gida.

Ni ba daga Turai na fara ganin ɓarnar ba. Akwai wani yaro da yake ɗauko mana ƙwallo idan ta faɗa bayan katanga, shekararsa ba ta wuce goma sha uku ba. Wata rana yana zaro takalminsa daga leda sai wata doguwar takardar caca ta faɗo, an ninke ta sau huɗu, wasanni sun kai goma sha biyar a jere. Na ce, "Kai, wannan ta wane ce?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Koci ne za ka gaya wa, Yaya? Ɗari ce kawai na sa." Kuɗin da mahaifiyarsa ta ba shi na kai niƙa ne ya rage. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi. Wannan yaron babu abin da yake buri a duniya kamar ya sa jesinmu. Idan sunan shagon da ya sayar masa da takardar yana ƙirjin kyaftin ɗinmu, da wane baki zan yi masa faɗa? Ivan Toney na Brentford an dakatar da shi wata takwas a 2023 saboda ya karya dokar da ta hana 'yan wasa caca sau 232, kuma a lokacin duk mako da sunan kamfanin caca na Hollywoodbets a ƙirjinsa yake fita fili. Hukuncin shi kaɗai ya hau, tambarin kuwa ya ci gaba da zama a rigar.

Sai ku lura da tayin da yake zuwa a ɓoye. Mai caca ba lallai ya nemi ƙirji ba. Zai iya cewa hannun riga ya ishe shi, ko rigunan atisaye, ko a sa wa kofin unguwa sunansa, ko a riƙa raba wata lamba ta rajista a zauren WhatsApp na kulob, duk wanda ya shiga da ita a ba ku wani abu. Ko a Ingila an bar wannan ƙofa a buɗe, don hanin bai shafi hannun riga da allunan gefen fili ba. Wani kuma zai ce shi shafin hasashen sakamako yake da shi, wani gidan kallon ƙwallo ne amma akwai teburin buga tikiti a lungu. Tambaya ɗaya nake yi wa kowa: daga ina ribarka take fitowa? Idan amsar ta fara zagaye-zagaye, na kan tashi da kaina in je in ga wurin da daddare. Ku tuna kuma a Kano Hisba ta rufe shagunan caca a 2024, kulob ɗin da ya ɗauki irin wannan suna zai iya janyo wa kansa abin da ya fi tsohuwar riga ciwo.

Bayan kun san wanda ba za ku je wurinsa ba, sai ku san abin da kuke sayarwa. Yawancinmu da ƙoƙon bara muke zuwa wurin 'yan kasuwa, shi ya sa ake sallamar mu da kuɗin ruwa. Ku ɗauki wata guda kuna ƙidaya. Wasa nawa kuke bugawa a kaka? A filaye nawa, a waɗanne unguwanni? Mutum nawa suke tsayawa kallo ranar Juma'a da yamma? Hotunanku mutum nawa suke gani a Facebook da TikTok? Ku rubuta gaskiya, kada ku ƙara ko mutum ɗaya, don Alhajin da za ku je wurinsa ya fi ku sanin unguwar. Duka a takarda shafi ɗaya, da zanen riga a ƙasa.

Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce yanka rigar gida-gida. Samun mutum ɗaya da zai biya abin da mai caca ya yi alkawari yana da wuya, don shi mai cacar daga aljihun matasan unguwa zai mayar da kuɗinsa ninki ba ninki. Amma mutum huɗu za su iya. Ƙirji na da farashinsa, baya a saman lamba na da nasa, hannu da wando kuma nasu ƙarami. Mu ƙirji mai gidan burodi ya ɗauka, baya wata makaranta mai zaman kanta, hannu mai gyaran waya, wando kuma mai shagon POS. Ku duba masu ruwan leda, kemis, masu sayar da kayan sola, teloli, masu kayan gini. Duk wanda kwastomominsa su ne mutanen da suke tsayawa a bakin filinku, shi ne naku.

Kada matasa su tafi su kaɗai. Mu da uban kulob muka je gidan burodin, bayan la'asar, lokacin da motoci sun gama fita. Aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi iyali, sannan dattijon ya ce, "Alhaji, yaran nan naka ne suka zo da magana." Na miƙa takarda da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon zanen, sai ya ce, "Malam sakatare, nawa kuke so?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muke so ba. Riga ashirin muke so, biyu na gola. Ka tura yaronka mu je kasuwa tare, shi zai biya da hannunsa." Nan take na ga fuskarsa ta saki. Mutane da yawa ba rowa ce take hana su bayarwa ba, an taɓa karɓar kuɗinsu ne ba su ga abin da aka yi da shi ba. Ku nemi kaya a maimakon tsabar kuɗi, zai kare ku daga zargi a cikin kulob ma.

A kasuwar akwai tarkon da kusan kowa yake faɗawa. Setin jesi mafi araha sau da yawa kwaikwayon rigunan Turai ne, kuma tambarin kamfanin caca yana manne a jiki tun daga masana'anta. Na sha ganin kulob ɗin da ya ƙi kuɗin caca, sannan ya fito fili yana yi wa wani kamfanin cacar talla kyauta. Ku sayi riga wadda ba rubutu a ƙirjinta. Idan akwai sunan da ba ku gane ba, ku bincika a waya kafin ku biya, musamman wanda yake da "bet" ko lambobi irin su 88 a ciki.

Wurin mai buga rubutu, ku sa ya yi guda ɗaya tukuna. Ku kai wa mai tallan ya duba haruffan sunansa da lambar wayarsa, ku wanke ta sau biyu ku gani ko rubutun zai tashi. Launin rubutu ya bambanta da na riga sosai, yadda wanda yake tsaye a bayan raga zai iya karantawa. Ku gargaɗi mai wanki kada ya ɗora dutsen guga a kan rubutun.

Yarjejeniya kuwa a rubuta ta, ko da mai tallan kawunku ne. Ba sai an je wurin lauya ba, mai unguwa da shaidu biyu sun isa. A faɗi kaka nawa ce, ni na fi son ɗaya a riƙa sabuntawa. A faɗi abin da kowa zai bayar, da cewa rigunan na kulob ne, ba ɗan wasan da zai tafi da tasa gida. A rubuta cewa ba za ku ɗauki wani mai burodin a rigar ba muddin wannan yana nan. Sai layin da na fi ba muhimmanci: idan mai tallan ya shiga harkar da take cikin jerin abin da ba ku karɓa, ko ya ba wani daban gurbinsa, kulob na da ikon cire sunan ba tare da biyan komai ba. Norwich City ta soke yarjejeniyarta da kamfanin caca na BK8 a 2021, kwanaki kaɗan da sanar da ita, bayan magoya baya sun yi ca a kan irin tallace-tallacen kamfanin. Gara ƙofar fita ta kasance a rubuce tun farko.

Ku kuma bar wa ɗan wasa damar ya yi magana kafin a buga riga. Frederic Kanoute, ɗan Mali da ya yi wasa a Sevilla, a 2006 sai da ya rufe tambarin kamfanin caca na 888.com da ke ƙirjinsa saboda addininsa. Papiss Cisse ya yi irin wannan takaddama da Newcastle a 2013 kan kamfanin bashi da ruwa na Wonga. Su taurari ne, duniya ta saurare su. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai a unguwa ba zai iya buɗe baki ba, sai dai ku ga ya daina zuwa. Mu yanzu kafin a sa hannu, ana karanta sunayen masu talla a gaban kowa bayan atisaye, a jira kwana uku.

Abin da ya rage shi ne riƙe amana. Bayan kowane wasa ina tura wa mutanen huɗu hoto da sakamako, ko an ci mu. Ranar wasan ƙarshe a kai musu katin gayyata har shago, a ajiye musu kujera a inuwa. Ƙarshen kaka in rubuta musu rabin shafi: wasa kaza muka buga, riga ashirin suna nan, ɗaya ta yage an ɗinke. Mai gyaran waya ya janye bayan kaka ɗaya, ya ce kasuwa ta yi sanyi, wani tela ya karɓi hannun. Mai burodi ya sabunta sau uku, bana har ya ƙara da rigunan 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Yaron da yake ɗauko mana ƙwallo yana cikinsu, lamba 14 aka ba shi. Daga cikin 'yan wasa biyun da suka yi fushi suka daina zuwa atisaye ɗaya ya dawo, ɗayan yana bugawa wani kulob a tsallaken titi, muna gaisawa idan mun haɗu a masallaci.