Masu neman haya a intanet, ku kula da kalmar penthouse

Jama'a in kun ga an rubuta penthouse a tallan gida, kar ku tura ko sisi sai kun ce a turo muku bidiyo tun daga matattakala har cikin ɗakin.

Dalili kuwa kalmar ba ma'ana ɗaya gare ta ba. A Amurka da Ingila penthouse shi ne gidan da ke can ƙololuwar dogon bene, mai tsada, galibi da barandarsa. Amma a wajen dillalanmu ɗan ɗakin da aka ɗora a saman duplex ma penthouse ne. Na taɓa zuwa duba wani, wallahi kwano ne kawai da silin a kaina ga tankin ruwa a bakin ƙofa, da rana tsaka kamar gidan burodi.

Attic kuma ɗakin ƙarƙashin rufi ne, silin ɗinsa a karkace, ta gefe sai kun sunkuya. A Ingila shi suke ce wa loft, a Amurka kuma loft yakan zama faffaɗan gida marar bango a tsakiya, irin tsohon sito da aka gyara.

Sai dai bidiyo ba ya nuna zafi fa. Wannan kam sai kun je da kanku wajen ƙarfe 2 na rana.