Kafin a kankare miki haƙori, ki duba asalin launin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya ta tambaya jiya: gyaran fari za ta yi wa haƙoranta, ko a manna mata bawon tangaran da likitoci ke kira biniya? Ga shawarata.

Ki fara gano daga ina launin ya zo. In goro ne, ko shayi, ko kofi, to a sama yake. Wankin haƙora a asibiti kaɗai kan cire da yawa, sauran kuma likita ya shafa sinadarin ferokzayid. Haƙori kan yi tsami kwana kaɗan, launin kuma yakan dawo in aka koma wa goro. Sinadarin ba ya canza launin ciko.

Amma mu nan Gombe akwai wani abu daban. Wanda ya tashi a yankin Kaltungo yana shan ruwa mai yawan sinadarin fuloraid, launin ƙasa-ƙasan nan cikin haƙorin yake tun yarinta. In ya yi zurfi, gyaran fari ba ya kawar da shi, nan ne biniya ke da amfani. Sai dai yawanci sai an goge kusan rabin milimita na fatar haƙorin, kuma ba ta sake tsirowa. Biniyar tangaran kan kai shekara 10 zuwa 15, sannan a sake wata, kuɗi kuma sabo.

Don Allah a bar dirza lemun tsami da toka, cinye haƙori suke. Hajiya, ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba dasashinki tukuna.